Ƙofar Hagu ta Baya

Shekara goma sha tara ina ɗaura ƙofar mota a Kakuri,
ƙofa kaɗai, ta hagu, ta baya.
Mota ta zo gabana tsirara, ta wuce da ƙofa,
ban taɓa ganin farkonta ba, balle ƙarshenta.

Yau ga kwali Muddassir ya aiko daga Fatakwal.
Na girgiza, ya yi ƙara kamar gwangwanin ƙusa.

Rumasa'u ta shimfiɗa tabarma a baranda,
muka zazzage: leda sha ɗaya, kowace da lambarta,
noti ƙanana kamar ƙwayar gero,
taya huɗu da ba su kai bakin kofin shayi ba.
Turancin takardar ɗingishi yake yi,
sai muka bi hotuna, kamar masu bin sawun akuya.

Na ce ta ɗauko farantin tangaran na kakarta,
nan noti zai zauna, kada ya gudu.
Ɗaya ya gudu duk da haka.
Muka yi ta rarrafe, ni da gwiwa mai ƙara,
ita da tocilar wayata,
har aka kira la'asar a masallacin layinmu.
Cikin takalmina ya kwanta.

Hannuna bai manta aiki ba, ido ne ya yi ritaya.
Ita idonta garau, hannunta sai gaggawa.
Muka raba: ni in faɗa, ita ta murɗa.
Kada ki matse da ƙarfi, roba ce.
In ya tsaya, ki tsaya.
Giris kaɗan a haƙoran giya, kamar mai saka kwalli.

Kwana na biyu babu wuta tun asuba.
Batir ya je shagon Bulus mai aski
ya sha caji a janareto, kusa da almakashi.
Bulus ya ƙi karɓar kuɗi, ya ce sai dai a kira shi ranar gwaji.

Kwana na uku muka ajiye ta a tsakar gida.
Na ja totur gaba, ta zabura baya,
ta daki butar alwala, ruwa ya malale.
Rumasa'u ta duba hoto, ta dube ni,
ba ta yi dariya ba, Allah ya yi mata albarka,
ta ce, Kaka, jar waya ta shiga gidan baƙa.
Shekara sha tara! Na cire tabarau na goge.

Asabar, bayan ruwa ya ɗauke,
muka tafi filin firamare, ƙasa ja tana da danshi.
Bulus ya rufe shago da rabin kan wani a hannunsa.
Mai Keke Napep ya kashe inji a bakin katanga,
fasinjarsa na faɗa, shi yana leƙe.
Motar ta yi fiii, ta watsa taɓo, ta hau tudun tururuwa,
ta kife, taya huɗu na juyi a sama kamar buzuzu.
Yara shida suka ruga ɗaga ta.

Sai Rumasa'u ta miƙo mini rimot.
Ban taɓa mallakar mota ba. Ban faɗa mata ba.
Tana tafiya gaba, ni da ita bakinmu ɗaya,
amma da ta juyo tana kallona
haguna ya zama damarta,
na karkata nan, ta karkata can,
sai cikin kwata.

Da dare na zauna ina wanke ta da tsohon buroshin haƙori.
Na kai ɗan yatsa gefen hagu, ta baya, bisa sabo.
Babu hinji, babu mariƙi.
Ƙofar zane ce kawai a jikin roba.
Duk da haka na goge ta sau biyu.